Takardar da Haladu ya ɗora a sama

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif, a daminar nan da muke ciki, da aka sauko da gawar Malam Haladu daga kwale-kwale a bakin kogin Haɗeja. Ina cikin waɗanda suka tarbe ta, ni na kama wajen kai. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in juya shi, in mayar aljihu. Bana ba ni da sauran wurin ɓuya, domin abin da nake ɓoyewa ya fito da kansa, kuma a hannun wadda na fi jin kunyarta a duniya ya fito.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Haladu malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a nan Haɗeja, inda muka yi aiki tare shekara da shekaru. Ni ne Sule, wanda ya zama mataimakin shugaban makarantar, daga baya ya zama shugaba a wata, yanzu kuma ya yi ritaya yana zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Mutane suna cewa ni aminin marigayi ne, har a wajen ta'aziyya ni aka riƙa yi wa gaisuwa tamkar ɗan'uwansa na jini. Na karɓi gaisuwar nan duka, ban mayar da ko ɗaya ba.

Tun a kwalejin horon malamai muka haɗu, gadonsa yana kusa da nawa. A shekararmu ta biyu ruwa ya cinye mana gonar shinkafa, mahaifina kuma ya rasu a wannan kakar, sai na koma ƙauye na ce ni da boko har abada. Na rubuta wa Haladu wasiƙa na gaya masa, da Turanci kuwa, don a lokacin mu ɗalibai ko sannu za mu yi wa juna sai mun yi da Turanci a san mun waye. Daga baya na manta abin da na rubuta. Abin da ban manta ba shi ne bayan kwana biyar sai ga shi a kan keken aro, laka har gwiwa, ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ce shi fa ba zai koma ba sai da ni. Kwana biyu ya yi a gidanmu yana cin tuwonmu ba kunya, har tsohuwa ta gaji ta ce in tattara in bi shi. Duk wani muƙami da na taka a rayuwata, a bayan keken nan na hau zuwa gare shi.

Da muka fara koyarwa sai hanyarmu ta rabu a kan abu ɗaya, wato yadda ake auna rubutun yaro. Ni mutumin jan biro ne, kuma har gobe ba na jin kunyar faɗa. An koya mana cewa in yaro ya rubuta insha'i, ka bi shi layi-layi, duk inda ya yi kuskure ka zagaye, ka cire rabin maki, ka ware na ma'ana, ka ware na tsari, ka haɗa ka rubuta a sama ka ja layi biyu. Takarda in ta fito daga hannuna sai ka ce an yanka kaza a kanta. Haladu ya raɗa mini suna Mai Jan Biro, yara suka ɗauka, har yau akwai tsofaffin ɗalibai da ba su san sunana na yanka ba.

Shi kuwa nasa salon daban ne, kuma ba a wani littafi ya karanto shi ba. Mahaifiyarsa, Inna Kande, mai sayar da kifin banda ce a kasuwa, kuma ba ta taɓa mallakar sikeli ba. In an juye mata kwando sai ta ɗauki tarwaɗa biyu, ɗaya a kowane hannu, ta ɗan jinjina, ta shinshina, ta ajiye wadda ta fi a dama. Ta sake ɗaukar wata ta gwada da waccan. Kafin ka ankara ta jera kwandon nan kaf, daga na gaba har na baya, kuma ba mai saye da ya taɓa cewa ta yi kuskure. Haladu ya tashi yana kallon wannan. Da ya zama malami sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar bayan ofis bayan an tashi, ya zube takardun aji, ya ɗauki biyu ya karanta, ya ɗora wadda ta fi a kan ɗayar. Haka zai yi ta yi, yana cirewa yana sakawa, har tulin ya jeru, mafi kyau a sama, mafi rauni a ƙasa. Sai ya ɗaure da kaba ya rubuta aji da zango a gefe.

Na sha tsayawa a kansa ina yi masa tsiya. Ina ce masa, “Ɗan mai kifi, yau nawa kashi?” Shi kuma ba ya ɗago kai.

Wata rana dai ya ba ni amsa. Ya ce, “Sule, in ka ba ni takarda ɗaya ka ce nawa ta ci cikin hamsin, ƙarya zan yi maka. Yau in ce ashirin, gobe in matata Hauwa ta ɓata mini rai in ce sha biyar. Amma ba ni guda biyu ka ce wacce ta fi, ko daga barci ka tashe ni ba zan ɓata ba. Kai ma haka kake, ba ka dai yarda ba ne.”

Kada a ɗauka ba ya gyara kuskure. Yana gyarawa, amma sai ya gama jerawa, kuma ba ya wuce uku a takarda ɗaya, wai yaro ba ya iya haɗiye fiye da haka a mako. Sannan duk ƙarshen zango yakan ɗauko rubutun yaro na farko da na ƙarshe ya miƙa masa, ya ce shi da kansa ya ɗora wanda ya fi a sama. Na ga yara suna dariya su kaɗai in sun ga abin da suka rubuta wata uku baya. Ni ban taɓa ganin yaro ya yi dariya a kan takardar da na mayar masa ba, sai dai ya ninke ta ya cusa a aljihu.

Rigimar ta taso ne a kan takardu biyu na ajin ƙarshe. An ce su rubuta ranar da ba za su manta ba. Wani yaro, ɗan wani mai faɗa a ji a garin nan, ya kawo insha'i tas, ba inda za ka ɗora jan biro, labarin ranar da ya je gidan namun daji ya ga zaki. Haddace shi ya yi daga wani ɗan littafi da ake sayarwa a bakin tasha, kuma duk mun sani, don yara huɗu sun kawo zakin nan a shekarar da ta gabata. Ɗayar takardar ta wata yarinya ce 'yar ƙauye, ta rubuta ranar da tsuntsayen jan baki suka sauka a gonar shinkafarsu ana saura mako guda girbi. Ta faɗi yadda suka wuni suna kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe, da yadda mahaifinta ya zauna a kan kunyar gona da la'asar ya cire hularsa ya riƙe. Turancin kam, Allah ya jiƙan Turanci. Na ƙirga mata kuskure har na gaji na daina. A ma'aunina yaron yana sama can, ita tana kusa da ƙasa. Haladu ya ɗora tata a kan ta yaron, ya kuma faɗa a gaban aji.

Uban yaron ya zo makaranta da kansa, mota har bakin ofis. Aka ba shi haƙuri ya tafi, amma bai manta ba. Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito a shekarar, Turanci ya kwashe mana yara sosai. Gaskiyar magana, dalilan suna da yawa: ambaliya ta sa an rufe makarantar kusan rabin zango, mutanen da ruwa ya kora suna kwana a azuzuwa, littattafai sun jiƙe. Amma ofishin shiyya ba su nemi dalilai ba, suna neman suna guda. Aka ce mataimakin shugaba mai kula da karatu ya rubuto rahoton sirri. Ni ne mataimakin, kuma a lokacin sunana yana cikin waɗanda ake dubawa don a ba su makaranta.

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi, da Turancin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Na ce malamin ya yi watsi da tsarin ba da maki da aka amince da shi, yana auna rubutun ɗalibai da son rai a kan tabarma, yana fifita mai kuskure a kan mai daidai. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Na dai bar ambaliya a waje, na bar littattafan da suka jiƙe, na bar dariyar yaran nan. Na sa hannu, na liƙe ambulan, na gaya wa kaina cewa jan kunne kawai za a yi masa.

Ba a yi wata biyu ba aka ɗauke shi aka jefa shi wata ƙaramar makaranta a ƙetaren kogi, can cikin fadama, inda in damina ta zauna ba mota ba babur, sai kwale-kwale, shi ma sai an yi ta saran ciyawar kacala da ta toshe ruwan kafin a wuce. Ni kuma aka ba ni makaranta. Ranar da zai tafi na taya shi ɗaure kaya, ina ta zagin mutanen ofis, ina cewa wasu ne suka shafa masa kashin kaji. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Bar su, Mai Jan Biro. Can ma ai yara ne.”

Shekara shida ya yi a can. Sau ɗaya tak na je, shi ma ban kwana ba. Amma duk shekara in ruwa ya ja baya sai ga ƙunshin kifin banda daga wajensa, da 'yar takarda yana tambayar iyali. Mun ci kifin nan ni da 'ya'yana. A daminarsa ta ƙarshe zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki, aka yi ta jiran ruwa ya lafa, da aka ga abin ya yi tsanani aka sa shi a kwale-kwale. Bai iso ba. Masu tuƙin sun ce tun suna tsakiyar kacala ya cika. Da yana cikin gari, tsakaninsa da asibiti tafiyar ƙafa ce. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na kuma yarda da haka, amma wannan bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, Hauwa matarsa ta aiko mini da buhu biyu a kan amalanke. Ta ce takardun ɗalibansa ne, kuma tun yana kwance ya ce a kai wa Sule. Na sa aka jefa su a sito bayan buhunan gero, na ja ƙofa. Tsoronsu nake ji, ban san dalili ba a lokacin. Sai na yi abin da ya fi mini sauƙi: na je na roƙi Hauwa ta ba ni 'yarsu Dije, mai shekara goma sha uku, ta zauna a gidana ta yi sakandare a gari. Ta tashi tare da 'ya'yana, kwano ɗaya. Baba take ce mini. Ni na kai ta jami'a da akwatinta, ni na zama waliyyinta ranar ɗaurin aure. Mutane suna ta sa mini albarka, suna cewa amana kam sai Malam Sule. Ni kaɗai na san abin da nake ƙoƙarin rufewa da yarinyar nan, kuma duk da haka wallahi son da nake mata ba na ƙarya ba ne.

Dije gadon ubanta ta yi, Turanci ta karanta, yanzu tana digiri na biyu. Bayan ƙaramar sallar bana ta zo gaishe ni, ta zauna a gefen tabarma tana ba ni labarin bincikenta, bakinta har rawa yake don ɗoki. A kan yadda ake auna rubutun masu koyon Turanci take aiki. Ta ce masu bincike sun daɗe da lura cewa in ka ba malamai biyu takarda ɗaya, da wuya makinsu ya zo ɗaya, har malami guda ma yakan saɓa wa kansa. Ta ce shi ya sa hankali ya karkata ga wasu hanyoyi: a tara rubutun yaro na tsawon lokaci a ga inda ya taso da inda ya kai, a rage jan biro a ƙara bayani, a bar yaro ya duba nasa da kansa. Akwai kuma na'urorin da ke ba da maki cikin ƙiftawar ido, ana ta muhawara a kansu. Amma wadda ta fi burge ta, in ji ta, ita ce wadda ake nuna wa mai dubawa rubutu biyu kawai a allon kwamfuta, a ce ya zaɓi wanda ya fi, a sake kawo wasu biyu, a yi ta yi har duka su jeru.

Ta ce, “Baba, da malaminmu yake bayani sai na ji kamar na taɓa ganin abin nan. Ashe tabarmar mahaifina ce. Mahaifiyata ta ce takardunsa suna wajenka. Don Allah suna nan?”

Na ce suna nan. Me zan ce?

Kafin ranar da muka sa, na yi ta tunanin abin da Haladu zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin da an gaya masa cewa abin da aka kore shi a kansa yanzu har digiri ake yi a kai, dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce to a kai wa Inna Kande nata satifiket ɗin kabari. Amma dariyar ba za ta daɗe ba. Ya leƙa ajin yau ya gani: yara sun ninka na zamaninmu, malami ɗaya, wa ke da lokacin shimfiɗa tabarma? Insha'i ma sau nawa ake bayarwa a zango? Zakin nan na gidan namun daji bai mutu ba, waya ya koma. Yanzu yaro ba ya ma wahalar hadda, manhaja zai gaya wa ta rubuta masa, ta fito da Turancin da ni kaina ba zan samu inda zan zagaye ba. In kuma na'ura ce za ta ba da makin, to na'ura ta rubuta na'ura ta duba, yaro yana gefe yana kallo. Jan birona ba shi da abin cewa a nan, ya riga ya mutu tun ina raye. Hannun Haladu ne kaɗai nake jin zai jinjina irin wannan takarda ya ce ba kowa a cikinta. Ruwa kuwa yana nan yana zuwa duk 'yan shekaru, ana rufe makarantu, ana kwana a azuzuwa, in sakamako ya fito a nemi wanda za a ɗora wa.

Ba zan ce duk gaskiya tasa ce ba. Yarinyar nan mai labarin jan baki ba ta ci Turanci a jarrabawar ƙarshe ba, don masu dubawa a can irina ne, ba irinsa ba. Yaron zaki ya ci, ya wuce. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujjata. Sai da na tsufa na gane cewa abin da ya nuna kawai shi ne ni da jarrabawar kuskurenmu ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi Dije ta zo. Muka jawo buhunan tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma da kanta. Buhu ɗaya gara ta cinye gindinsa, da muka ɗaga sai ƙasa da gutsattsarin takarda suka zubo, aikin shekaru ya tafi a sakacina. Ta ciji leɓe. Sauran suna nan yadda ya bar su, ɗauri-ɗauri da kaba, kowanne da aji da zango da rubutun hannunsa. Tana ɗagawa tana karantawa tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ko a jami'arsu ba ta ga wanda ya tara irin wannan ba, rubutun yaran fadama shekara bayan shekara, kuma a jere.

A cikin buhu na biyu, daga sama-sama, akwai wani ɗauri siriri, takarda biyu kacal. Ita ta ɗauka. Ta sama ta tsufa har ta yi ja, an yage ta ne daga littafin rubutu. Ta kwance kabar ta fara karantawa a fili tana murmushi, don Turancin duk a karkace yake. Mai rubutun yana cewa ruwa ya ci shinkafa, mahaifinsa ya mutu, ba zai dawo makaranta ba. Yana cewa a ba wani gadonsa, amma kada a ba kowa akwatinsa, Haladu ya riƙe, domin ba shi da wani ɗan'uwa a duniya sai shi. Ta kai ƙarshe ta ga sunan, ta ɗago ta ce, “Lah, Baba, kai ne!”

Sai ta duba ta ƙasa.

Tun daga nesa na gane ta, shafi ɗaya da rabi, bugun tafireta. Yadda ta je hannunsa ban sani ba, wataƙila wani akawu ne ya haɗa masa da takardar canjin wurin aiki, ko da gangan ko da kuskure. A gefe ya rubuta ranar da ya karɓa da fensir, kuma ranar ta riga ranar da na taya shi ɗaure kaya. Ashe lokacin da nake zagin mutanen ofis yana kallona, takardar nan tana cikin kayan da nake ɗaurewa. Ashe duk kifin da ya aiko, da saninsa ya aiko. Ban da ranar nan bai rubuta komai a kanta ba, ko zagaye ɗaya babu. Ya dai haɗa ta da waccan wasiƙar da ya adana fiye da shekara talatin, ya jinjina su, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya ɗaure, ya ce a kai wa Sule. Ni kuma na bar saƙon a bayan buhun gero shekara goma sha ɗaya.

Dije ta karanta rahoton har ƙarshe, a zuci wannan karon. Ta koma farko ta sake. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Wannan sa hannun naka ne?”

Na ce, “Nawa ne.”

“Shi ya sa aka kai mu can?”

Na ce, “Shi ya sa.”

Na jira ta yi kuka ko ta zage ni, da ta yi da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Ta ajiye takardun biyu a kan tabarma, ta ci gaba da mayar da sauran cikin buhu, ɗauri bayan ɗauri, a natse. Ta kira mai a-daidaita, aka loda. Matata ta fito tana cewa ga abinci an sauke, ta ce ta ƙoshi. A bakin ƙofa ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba, ta ce, “Na gode, Malam. A huta lafiya.” Yarinyar da tun tana koyon magana ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Baba.

Yau wata huɗu ke nan. Tana kiran matata su gaisa, ta ce a gaida mutanen gida. Ban kira ta ba, don ban san da wane baki zan fara ba. Na je wajen Hauwa na gaya mata komai, ta saurare ni har na gama, ta ce ita ta sani tun a can ƙauye, Haladu ne ya hana ta faɗa, ya ce yaran kada su tashi da ƙullin kowa. Ta ce, “Da ka zo neman Dije na so in hana. Sai na tuna marigayi ya fi ni saninka.” Na fito daga gidan ban san ta inda na bi na iso nawa ba.

To me ya rage na Haladu? Ba gida ya bari ba, ba muƙami, ko hotonsa babu a makarantar da ya ba ƙuruciyarsa. Dalbejiyar ma an sare ta an yi shago. Akwai buhu ɗaya da rabi na rubutun yara a hannun 'yarsa, wanda wataƙila zai zama littafin da malamai biyar za su karanta su ajiye. Akwai maza da mata a garuruwan fadamar nan, daga nan har Birniwa, da suka taɓa riƙe takardunsu biyu suka ga da idonsu cewa sun ci gaba. Sai kuma ni, da aka auna aka ba ni sakamako, na ƙi zuwa karɓa har mai aunawar ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ya ga mafi munin abin da na rubuta, da Turanci mafi kyau, ya ga kuma ɗayan, ya zaɓi wanda zai tuna ni da shi. Da ni aka ba takardun nan biyu da jan birona, na san wadda zan ba maki, kuma na san wadda zan yi wa jina-jina.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya jiƙan Inna Kande, ya auna su da rahamarsa ba da ƙirgen kuskure ba.

Abu ɗaya ne ban faɗa ba. Ranar nan bayan a-daidaita ta tafi, na koma tsakar gida in ɗauke takardun. Dije ba ta mayar da su yadda ubanta ya ɗaure ba, ba ta kuma juya su ta ɗora rahoton a sama ba. Gefe da gefe ta ajiye su, kabar tana tsakani. Haka na ɗauke su, haka suke a kan teburina har yau, ban yarda kowa ya taɓa ba, don ba ni ne mai jerawa ba. Dije, in jaridar nan ta zo hannunki, ga takarda ta uku, da Hausa na rubuta ta don kada in samu inda zan ɓuya. Ki haɗa da waɗancan ki jinjina. Duk inda kika ajiye ta, a nan zan zauna.